Yadda Ƙungiyar Talakawa a Legas Za Ta Riƙe Aƙidar Sauyi

Da wuya a sami wata kasuwa ko sana'a da Hausawa ke yi a Legas wadda ba ta da ƙungiya. 'Yan gwari na Mile 12 suna da tasu, mahautan Oko-Oba suna da tasu, haka ma 'yan acaba da 'yan dako da 'yan bola-jari da masu shayi, tun daga Agege har Obalende, daga Idi-Araba har Alaba Rago. Galibinsu an kafa su ne cikin zafin rai, bayan an rushe rumfuna, ko an kwashe babura, ko an tsare wani ɗan'uwa ba da haƙƙinsa ba. Sai dai idan aka waiwaye su bayan wasu shekaru, akan tarar ƙungiya tana nan da kati da hatimi da shugaba mai babbar riga, amma aikinta ya tsaya ga karo-karon biki da suna da kai gaisuwa gidajen 'yan takara, alhali matsalar da ta sa aka kafa ta ko gezau ba ta yi ba. Wannan bayani na waɗanda ba sa son tasu ƙungiyar ta ƙare haka ne.

Abin da za ku fara yi shi ne ku rarrabe tsakanin agaji da sauyi, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Idan aka kama babur ɗin wani, aka haɗa kuɗi aka karɓo masa, an yi agaji, kuma agaji alheri ne da babu mai raina shi. Amma gobe za a kama na wani, jibi a kama na wani, har asusun ya ƙare kamun bai ƙare ba. Mai neman sauyi daga tushe shi ne wanda, bayan ya ba da nasa karo-karon, zai tsaya ya yi tambaya: wace doka ce ta halatta kamun, su wa suka yi ta, an saurari masu sana'ar kafin a yi ta, wane ne ke karɓar kuɗin tikiti kowace safiya daga hannun mutumin da aka ce sana'arsa haramtacciya ce, kuma wace hanyar cin abinci aka tanadar wa dubban magidantan da aka raba da aikinsu? Wannan aƙida ba ta da haɗi da ƙone-ƙone ko ɗaukar makami ko zagin manya. Ana auna ta ne da ko ƙungiya ta gano inda ake yanke hukuncin da ke cutar da mutanenta, da ko ta tara ƙarfin da zai sa masu yanke shi su saurare ta.

Kada kuma wani ya ce muku wannan tunani baƙo ne da aka kwaso daga waje. A ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma ba ta tsaya ga jajanta wa wanda dogarai suka daka ba, ta fito fili ta ce wahalar talaka daga tsarin mulkin En'e take, da haraji da jangali da aikin tilas da kotunan da talaka ba ya samun adalci a cikinsu. An ɗaure 'yan jam'iyyar, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha shiga kurkuku. Ba a soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna ba sai a 1979, lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, wato bayan shekara 29 da kafa NEPU. Duk wanda zai shiga wannan aiki ya kamata ya riƙe tsawon wannan lokaci a ransa. Ya kuma tuna cewa ba a jima da samun mulkin ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, abin da shekarun ɗauri da bulala ba su iya yi wa magabatanta ba.

Ku san matsalarku a rubuce

Ƙorafin baki ba ya zama hujja a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, ko a gaban alƙali. Saboda haka ku sayi littafi, ku naɗa mutum biyu masu iya rubutu, ko da boko ko da ajami, su riƙa shigar da duk abin da ya faru: ranar, wurin, abin da aka karɓa, wanda ya karɓa, da ko an ba da rasit. Idan 'yan acaba ne ko 'yan keke, a rubuta kowane tikitin da ake yanka musu a rana da sunan wanda ke yankawa. Idan 'yan kasuwa ne, a rubuta kuɗin ƙasa da na shara da na tsaro da na sauke kaya. Bayan wata uku ku tara lissafin ku karanta shi a gaban taro, domin mutanen da kowa ke ganin asararsa ƙarama ce sukan farka ne ranar da suka ji jimillar abin da ke fita daga aljihunsu baki ɗaya.

Daga nan ku bi tarihin hukuncin da ke damun ku. Misalin acaba a bayyane yake: dokar zirga-zirga ta jihar ta 2012 ta hana babura bin ɗaruruwan tituna, a Fabrairun 2020 aka faɗaɗa haramcin, a ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana su gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a Satumbar 2022 aka ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Wanda ya san wannan jerin ya san cewa ba jami'in da ke tsaye a bakin titi ne ya ƙirƙiro lamarin ba, kuma faɗa da shi ba zai canza komai ba. Ya san akwai majalisar dokokin jiha, akwai ma'aikatar sufuri, akwai ɗan majalisar da ke wakiltar unguwar da yake kwana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ɗiba wa hukumar kwana 7 ta amsa. Ku yi amfani da ita, ku ajiye kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa, ko da ba a amsa muku ba, domin shirun ma abin nunawa ne daga baya.

Kuɗi, muƙami da rawani

A nan ne mafi yawan ƙungiyoyi ke mutuwa, kuma mutuwa ce da ba a jin ƙararta. Ba a cika rushe ƙungiyar talakawa da ƙarfi ba, saye ake yi, kuma ba a sayen dukkan mambobi, mutum uku ko huɗu na sama sun wadatar. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan tun da daɗewa da suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka tun ranar farko, kafin a sami abin da za a yi rigima a kansa, ku rubuta ƙa'idojin kuɗi a cikin kundin ƙungiya.

Tushen asusunku ya zama kuɗin mambobi, kome ƙanƙantarsa, a riƙa biya mako-mako ko wata-wata gwargwadon abin da ɗan dako zai iya ba tare da ya kwana da yunwa ba. Ƙungiyar da mambobinta ke ciyar da ita tana jin tsoron mambobinta, wadda attajiri ɗaya ke ciyarwa kuwa fuskarsa take kallo kafin ta buɗe baki. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya bayan an yi mata rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kada a ajiye kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya kome amanarsa, kuma kada kobo ya fita sai da sa hannun mutum uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ko 'yan gari ɗaya ba ne. Ma'aji ya karanta shiga da fita da babbar murya a kowane taron wata. Wasu za su ce wannan rashin yarda da juna ne, ni kuwa ina ganin kariya ce ga ma'ajin kansa, domin mutumin kirki da yawa ya rasa mutuncinsa a kan zargin da littafi ɗaya zai iya wanke shi daga gare shi.

Kyautar ɗan siyasa, musamman idan zaɓe ya ƙarato, ita ce jarrabawa mafi girma. Buhunan shinkafa da atamfofi da kuɗin mota za su zo, kuma mutanenku suna cikin buƙata ta gaskiya, ba za ku iya yi musu wa'azin ƙin karɓa alhali tukunya ba ta hau wuta ba. Abin da za ku iya hanawa shi ne a karɓa da sunan ƙungiya a ɓoye, ko a ba da alkawarin ƙuri'un mambobi a madadinsa. Duk ɗan takarar da ke son magana da ku ya zo gaban taro, a karanta masa buƙatunku a rubuce, ya amsa kowa yana ji, a rubuta amsar a ajiye. Haka nan tallafin ƙungiyoyi masu zaman kansu: akwai na kirki a cikinsu, musamman masu ba da lauyoyi da horarwa, amma ku lura da ranar da jagororinku suka fi yawan zama a ɗakin taron otal suna karɓar kuɗin zama fiye da zama a tasha ko a kasuwa. Idan tallafi ya zo da sharaɗin ku bar maganar rushe rumfuna ku koma maganar da mai ba da kuɗin ya fi so, ku mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Sai batun muƙami. Hanya mafi sauƙi ta kashe bakin mai magana ita ce a naɗa shi mai ba da shawara na musamman, ko a sa shi a wani kwamiti, ko a ba shi kwangilar karɓar kuɗin da jiya yake kuka a kansa. Ba laifi ba ne mutum ya karɓi aiki, yana da iyali, amma ku rubuta cewa duk wanda ya karɓi muƙamin gwamnati ko na jam'iyya zai sauka daga shugabancin ƙungiya a ranar, ya ci gaba da zama mamba kamar kowa. Ku ƙayyade wa'adin shugabanci, shekara biyu ko uku, sau biyu kawai. Kada shugaba ya je tattaunawa da hukuma shi kaɗai, a haɗa shi da aƙalla mutum biyu daga cikin waɗanda abin ya shafa kai tsaye, kuma a dawo a ba taro rahoto kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya.

Sarakunan Hausawa na unguwanni da limamai da dattawan kasuwa iyayenmu ne, kuma sau da yawa su ne ke tashi tsakar dare su je ofishin 'yan sanda domin ɗan cirani da ba su ma san sunan garinsu ba. Ku girmama su, ku sanar da su abin da kuke ciki, ku nemi addu'arsu da shawararsu. Amma ku fahimci cewa aikinsu sasantawa ne, kujerarsu kuma tana buƙatar zaman lafiya da masu mulki, don haka akwai maganar da ba za su iya faɗa ba ko da suna so. Idan kuka miƙa musu ikon amincewa ko hana kowane mataki naku, kun ɗora musu nauyin da zai saka su a tsaka mai wuya, kun kuma ɗaure hannun kanku. Ladabi a gaban babba wajibi ne, kuma ana iya durƙusawa a gaishe shi sannan a ce, ranka ya daɗe, taro ya yanke shawarar za a kai takardar.

Kada a mai da kukanku na ƙabila

Legas ta ga abin da ke faruwa idan rigimar kasuwa ko ta unguwa ta rikiɗe ta zama ta Hausa da Yarbawa: Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016. A kowane karo talakawa ne suka mutu ta kowane ɓangare, rumfunan talakawa ne suka ƙone, kuma babu wata doka ko kuɗin tikiti da ya ragu saboda jinin da aka zubar. Wanda ya ce muku tushen wahalarku shi ne maƙwabcinku Bayerabe ko Ibo ya karkatar da ku daga tushen. Mutanen da aka tasa daga Maroko a 1990 da waɗanda aka rushe wa gidaje a unguwar bakin ruwa ta Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017, inda yawancin mazauna masunta ne 'yan ƙabilar Egun, ba Hausawa ba ne, amma katafilar da ta bi ta kansu ita ce ke bi ta kan rumfunanku. Matar da ke sayar da barkono a gefen titi tana biyan irin kuɗin da mai shayi ke biya. Ku neme su, ku halarci taronsu, ku je musu jaje kafin ku buƙaci nasu. Manyan nasarorin da aka gani a wannan birni, tun daga yajin aikin gama-gari na 1945 da Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, har zuwa taron Ojota na Janairun 2012 da ya taimaka wajen sauko da litar fetur daga naira 141 zuwa 97, duk an same su ne lokacin da mutane suka haɗu a kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba tare da tambayar garin juna ba.

Wannan yana buƙatar ku ɗauki kanku a matsayin mazauna Legas masu haƙƙi, ba baƙin da ke jiran ranar komawa ba. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Ku yi rajistar zama a LASRRA, wato hukumar rajistar mazauna jihar Legas, ku mayar da katin zaɓenku zuwa mazaɓar da kuke zaune, ku shiga ƙungiyar raya unguwa ta inda kuke, ku sa matasan da suka iya Yarbanci da Turanci a gaba wajen magana. Ɗan majalisa yana lissafa ƙuri'a ne, kuma dubun mutane da katinsu ke Jigawa ko Sakkwato ba sa cikin lissafinsa.

Gaskiyar aƙida kuma tana bayyana ne idan zaluncin ya fito daga cikin gida. Akwai mai ba da babur bashi da ribar da ba za a taɓa gama biya ba, akwai dillalin da ke danne kuɗin manomi, akwai mai gidan da ke tara yara goma a shago ɗaya yana karɓar kuɗin kwana, kuma da yawansu yarenmu ɗaya, sahunmu ɗaya a masallaci. Ƙungiyar da ke iya yi wa gwamnati ƙorafi amma ta kasa tanka wa waɗannan ta zama garkuwar masu hali. Haka kuma matan da ke sayar da abinci da fura da masu aikatau a gidaje suna cikin waɗanda aka fi cuta, kuma ba a cika ganin su a taro ba. Ku tsara musu lokaci da wurin da ya dace da su, su zaɓi wakilansu da kansu, a ba su kujera a inda ake yanke shawara.

Matsin lamba da juriya

Ku fara da ƙaramin abin da za ku iya cin nasara a kansa cikin 'yan watanni, kamar tilasta ba da rasit ko soke wani kuɗi guda da ba shi da tushe a doka, domin mutanen da suka taɓa ganin haɗin kansu ya yi aiki su ne ke tsayawa a babban fama. Ku hau mataki-mataki: wasiƙa, sannan tawaga, sannan 'yan jarida, sannan kotu ko zanga-zangar lumana ko rufe rumfuna na yini guda. Sashe na 40 ya ba ku 'yancin taro da kafa ƙungiya, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami. Duk da haka ku rubuta ku sanar da su, ku naɗa masu kula da sahu waɗanda za su fitar da duk wanda ya ɗauki dutse, ku riƙe jerin sunayen waɗanda suka fito, ku kuma tanadi lauya tun kafin ranar. Ofishin Lauyan Jama'a na jihar da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya an kafa su ne domin marasa hali. Ku san cewa Bahaushe ɗaya da ya yi jifa ya isa a shafa wa dubu baƙin fenti, saboda haka tsare lumana a wurinku dabarar tsira ce.

Kada ku jingina komai a kan kotu kaɗai. A Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta ce korar mazauna bakin ruwa ba tare da sanarwa da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki, amma a lokacin an riga an share Otodo Gbame. Haka nan ku auna kowane makami kafin ku zare shi. Lokacin da dillalan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda a farkon 2021, kowa ya ga ƙarfin da ke hannunsu, amma tumatirin ƙaramin manomi ne ya ruɓe a Arewa, talakan Legas ne kuma ya sayi abinci da tsada. Matakin da ya fi ciwo ga waɗanda kuke son su mara muku baya yana buƙatar dogon nazari da ƙayyadadden wa'adi.

Game da WhatsApp, ku yi amfani da saƙon murya domin waɗanda ba sa karatu, amma ku naɗa mutum biyu da za su tabbatar da kowane labarin kashe-kashe ko kamu kafin a yaɗa shi, wanda kuma ya saba tura hotunan da ba a san asalinsu ba a ja masa kunne a gaban kowa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu wanda masu tsara ƙungiya sukan manta, wato damina. Da zarar ruwa ya sauka a Arewa, da yawa daga cikin mambobi za su tafi noma, wasu kuma su tafi hutun Sallah su daɗe, sai a wayi gari sakatare yana ƙauye da littafin ƙungiya a jakarsa. Ku ba kowane muƙami mataimaki daga cikin waɗanda ke zaune da iyalinsu a Legas, ku ajiye littattafai a wuri guda da aka sani tare da ɗaukar hoton kowane shafi a waya, kuma ku tsara manyan matakanku su faɗo a rani lokacin da jama'a suka cika. Kafin kowane mai muƙami ya hau motar gida, ya zauna da mataimakinsa a gaban shaidu biyu, ya miƙa littafi da hatimi da lambobin lauya da jerin shari'o'in da ke gaban kotu tare da ranakun zamansu.